Tsohuwar Mota: Kafin Ka Biya, Leƙa Ƙarƙashinta

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, aka kuma saki Naira a watan Yuni ta nemi darajarta a kasuwa, cinikin mota a Najeriya ya sauya kama. Ma'aikacin da a da yake haɗa adashi da rancen ƙungiya ya sayi 'yar Kwatano, yanzu ya sauko layin motocin da aka riga aka hau a gida. Wanda yake hangen Corolla ta 2010 ya koma yana taya ta 2004. Dillalai sun san da haka, shi ya sa kowace tsohuwa aka kawo sai a wanke ta fes, a goge tayoyi su yi ƙyalli, a fesa turare a ciki, a ɗora mata jarka a ka a bakin titi, kana tsayawa a ce maka: "Alhaji, wannan lafiyayya ce, mai kawai za ka zuba."

Sayen tsohuwar mota ba abin kunya ba ne, yawancinmu ita muke hawa. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Abin da mai saye yake mantawa shi ne kuɗin da ya miƙa wa dillali kashin farko ne kawai na farashin. Ragowar a gareji zai biya, wata bayan wata. Yawan wannan ragowar kuwa ya danganta da abin da aka yi wa motar kafin ta iso hannunsa, da kuma abin da shi da bakanikensa za su yi mata daga baya.

Daga ina ta fito?

Motar da ta zo daga Amurka, wadda ta zo daga Turai, da wadda ta shekara goma tana bin hanyar Kano zuwa Katsina, kowace da irin ciwonta. Da yawa daga cikin motocin Amurka da ke sauka a Legas da Kwatano an sayo su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci, bayan sun ga gyara ya fi ƙarfin darajar motar. A nan kuma sai mai gyaran bodi ya buga, ya cike da foti, mai fenti ya fesa, a kira ta "fes bodi", wai fentinta na asali ne.

Gane wannan ba ya buƙatar digiri. Ka tsaya a gefen motar da rana tsaka, ka duba ko launin ƙofa ya yi daidai da na fenda. Ka duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi, da tsakanin bonet da fenda: idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya faɗi, an taɓa wurin. Ka naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, foti ne ya yi kauri. Sannan ka buɗe bonet ka dubi ƙarafunan nan biyu da suka miƙe daga gaba suna riƙe da inji. Idan ka ga walda ko alamar an miƙar da su da wuta, to casis ya taɓu, kuma motar da casis ɗinta ya karkace ba ta daina cin taya, komai yawan alaimen da za a yi mata.

Wadda ruwa ya ci ta fi wuyar ganewa, ta kuma fi cuta. Guguwar Harvey kaɗai, da ta afka wa Houston ta jihar Texas a 2017, ta nutsar da ɗaruruwan dubban motoci. A gida ma, ambaliyar 2022 a su Lokoja da fashewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024 sun bar motoci kwana da kwanaki a cikin ruwa. Irin wannan mota tana iya tashi lafiya ƙalau ranar ciniki. Sai bayan watanni wayoyi su fara cin tsatsa daga ciki, yau gilashi ya ƙi hawa, gobe kwamfutar inji ta rikice, ka zama ɗan gida a wurin mai wayarin. Ka ɗaga kafet ɗin but, ka ciro safaya, ka shafa ƙasan wurin da yatsa. Busasshen laka mai laushi, ko tsatsa a ƙusoshin da ke riƙe kujeru, ko wari irin na ɗakin da ya daɗe a rufe wanda turare ya kasa dannewa, duk shaida ne. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, wani lokacin tabon ruwa yana nan a kai.

Motocin Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai kuma gishiri ne maƙiyinsu, domin da shi ake narkar da ƙanƙara a kan titi lokacin hunturu. Sama tana sheƙi, ƙasa tsatsa ta cinye bututun birki da mazaunin shokozoba. Ban da haka akwai waɗanda aka ƙera da sitiyari a dama, na Ingila ko Japan, aka juya shi zuwa hagu a wani gareji, tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. A ganina waɗannan a bar su kawai, domin sitiyari da birki ba wurin gwajin ƙwarewar mai walda ba ne.

Kowace mota da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1981 tana da lambar casis mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Da wannan lambar ana iya sayen tarihin motar a intanet daga kamfanoni irin su Carfax, wani lokacin ma ka rubuta ta kawai a Google hoton motar ya fito yadda take a filin gwanjo, gaba a rugurguje. Nan ne kuma ake kama masu mayar da mita baya. Motar da takardun Amurka suka ce ta yi mil 210,000 amma dashbod yana nuna 95,000, ka san an taɓa. A tuna, motar Amurka mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ko babu intanet, goge-gogen fedar birki da sitiyari da ramin kujerar direba suna faɗin gaskiyar da mita ta ɓoye.

Inji da sassafe

Ka nemi a nuna maka motar da safe, kafin kowa ya tayar da ita. Da isarka ka ɗora hannu a kan bonet. Idan ka ji ɗumi, an riga ka, kuma akwai dalili: injin da ya gaji yana ɓoye ƙararsa da hayaƙinsa idan ya yi zafi.

Kafin a tayar, a murɗa makulli rabi, ka zuba wa dashbod ido. Dole fitilar inji, da ta ABS, da ta jakar iska su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta da baƙin salatif, dabara ce da ta zama ruwan dare. Motocin Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, duk suna da soket ɗin da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Kuɗin sikanin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin motar, kuma na'urar tana iya nuna ko an share kurakuran ne kwanan nan don a rufe maka ido.

Daga nan sai ka koma bayan mota ka kalli salansa yayin da wani ya taka totur. Shuɗin hayaƙi na nufin inji yana ƙona baƙin mai, galibi ringi ne ko robobin bawul suka mutu. Baƙin hayaƙi na nufin fetur ya yi yawa. Farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, wannan ruwa ne yake shiga silinda, wato gaskit ya ƙone. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka duba cikinsa: idan ka ga kumfa mai launin shayi da madara, ruwa da mai sun haɗu. Idan kuma ka leƙa ka ga baƙin dasƙararren datti a manne, mai motar ba ya yin juye a kan lokaci. Murfin lagireto ma a buɗe shi, amma inji yana sanyi kawai; buɗe shi da zafi ya ƙona fuskoki da yawa. Jan ruwa mai tsatsa shaida ce an daɗe ana ɗura mata ruwan rijiya.

Kowace ƙira da ciwon gadonta

Masu cewa "Toyota ba ta lalacewa" ba su zauna a gareji ba. Injin 2.4 da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda matsalar ringin fistin, har kamfanin ya tsawaita garanti a kan hakan a Amurka. Mai irin wannan mota idan bai saba duba ma'aunin mai kowane mako ba, wata rana inji zai buga masa a hanya. Dashbod ɗin wannan Camry ɗin kuma yana narkewa ya yi danƙo a zafin rana. Wadda ta gabace ta, ta 2002 zuwa 2006, tana da nata: idan inji ya taɓa yin zafi sosai, zaren ƙusoshin da ke ɗaure kan inji yakan saki.

Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira Diskoshin, tana da daɗin tuƙi, amma duk mai bin titunanmu ya taɓa ganin ɗaya ta durƙusa a tsakiyar hanya, tayar gaba ta kwanta gefe. Bol-joyin na ƙasa ne yake ficewa. Ramukan titi da kayan gyara na jabu ne ke gaggauta shi, kuma ba kullum yake yin gargaɗi ba. Wanda ya sayi irin wannan mota ya fara canza shi da mai kyau tun kafin ya yi tafiya mai nisa. Mai silinda shida ta farkon waɗannan shekarun kuma giyarta ta otomatik ba ta da ƙwari.

Peugeot tana da gata na musamman a Arewa tun da aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna a 1975, daga 504 har zuwa 406 da ta zama motar ma'aikata da ta haya. Ƙafarta na jure hanya, kujerunta ba sa gajiyar da baya. Amma injinta bel ne yake juya taimin, kuma idan bel ɗin ya tsinke inji yana gudu, fistin zai daki bawul, gyaran ya koma sauke kan inji gaba ɗaya. Haka lamarin yake ga Accord mai silinda shida. Corolla daga ƙarshen shekarun 1990 da Accord mai injin 2.4 sarƙa suke amfani da ita, wadda ta fi daɗewa muddin ana juye a kan kari. Kowane kamfani da adadin tafiyar da ya yanka wa bel ɗinsa, amma tunda ba ka san ranar da aka sa wanda ke ciki ba, ka ɗauka wa'adinsa ya cika, ka canza shi tare da famfon ruwa. Giyar otomatik ta Peugeot da ake kira AL4 ita ma ta wahalar da mutane da dama. Wanda ya iya manuwal ya fi kwanciyar hankali.

Gwajin giya ba a yin sa da zagaye ɗaya a cikin layi. A hau babban titi na aƙalla minti ashirin, a bar ta ta shiga kowace giya, a tsaya, a sa ribas, a kunna na'urar sanyaya ɗaki a ga ko allurar zafi za ta motsa. Giyar da ke jinkiri kafin ta kama, ko take fizga, ko inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, tana kan hanyar mutuwa. Man giya mai lafiya ja ne; idan ya koma baƙi-baƙi yana ƙauri, faya-fayan ciki sun ƙone. Motocin Nissan da yawa, irin su Altima da Murano, da yawancin Corolla ta Amurka daga 2014, giyarsu CVT ce, mainta daban ne, kuma zuba mata na gama-gari kashe ta ne.

Bayan gwajin titi sai rami. A nan ake ganin yoyon mai, yagaggun robobin shaf, bushin da suka mutu, shokozobar da ke tsiyaya, da tsatsa. Mai motar da ya ƙi yarda ka kai ta wurin bakanikenka, ya ce sai dai nasa, ka gode masa ka kama gabanka. Cinikin biri a sama ba na mai neman motar kai yara makaranta ba ne. Kuma bakaniken da za ka tafi da shi ka biya shi ladansa da kanka, domin idan yana jiran la'ada daga dillali, kowace mota lafiyayya ce.

Ɓarnar da muke yi da hannunmu

Wannan ɓangaren ne ya fi ba ni takaici, domin motoci da yawa da lafiyarsu suke shigowa, a nan ake lalata su da sunan gyara. Abu na farko da wasu kanikawa ke yi wa sabuwar shigowa shi ne cire tamostat, su jona fanka kai tsaye, wai "ƙasarsu sanyi ne, tamu zafi." Injin an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kusanci digiri 90, a Kano ne ko a Toronto, kuma tamostat ne ke kai shi can da wuri ya riƙe shi. Idan aka cire, inji yana daɗewa bai ɗumama ba, kwamfuta tana ta ƙara masa fetur, mai yana wanke jikin silinda, fankar da ke juyawa ba hutawa ta mutu da wuri. Mutum yana kukan motarsa na shan mai a wannan tsadar, bai san dalilin yana cikin akwatin kayan aikin bakanikensa ba. Motar da ke yin zafi akwai abin da ke damunta: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko akwai yoyo. Shi ake nema a gyara.

Ruwan famfo ko na leda a lagireto shi ne na biyu. Ruwan sanyaya inji na asali yana da sinadarin hana tsatsa, kuma bai tafasa da wuri kamar zallan ruwa. Kan injin yawancin waɗannan motocin alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi.

Sai baƙin mai. An saba da cewa mai kauri shi ne mai kyau, a zuba 20W-50 a kowace mota. Injinan shekarun 2000 zuwa yau, masu ƙananan hanyoyin mai, yawanci mai marar kauri irin 5W-30 ko 5W-20 aka rubuta musu, sau da yawa a kan murfin man ma. Mai kauri yana jinkirin isa saman inji da safe, lokacin da ya fi buƙata. Jabun mai a jarka mai kyau shi ma ya cika kasuwa, don haka a saya a wurin da aka sani, a tsaya a ga an fasa murfin.

Akwai kuma abin nan da kanikawa ke kira indomi, matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake fafe ta a sayar, wani lokacin tun kafin motar ta bar tashar jirgin ruwa, wani lokacin a garejin da ka kai ta gyaran birki. Ka sa a duba ko tana nan kafin ka saya, kuma kada ka yarda a ce maka cire ta zai ƙara wa mota gudu.

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri fiye da yadda littafin mota ya ƙiyasta, kuma hure ta da iskar mai faci ba ya mayar da ita sabuwa. Zafi yana rage kwanan batir. Yawo kullum da tanki a ƙasa, wanda tsadar mai ta jefa mutane a ciki, yana gajiyar da famfon fetur, domin man da yake ninƙaya a ciki shi ke sanyaya shi.

Takardu

Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma wasu sun ci gaba da biyo ɓarauniyar hanya, aka buga musu takardun bogi. Jami'an kwastan suna iya tare irin wannan mota a kan hanya ko ta shekara nawa a hannunka. Ka kai takardar duti ofishin kwastan a tantance kafin ka biya, ka gwada lambar casis da ke jikin mota da wadda ke kan kowace takarda, harafi da harafi. Idan ta gida ce, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a karɓi takardar mallaka da hoton katin shaidar mai sayarwa, a canza suna. Motar sata ma fenti gare ta. Inshorar dole ta ƙananan motoci ta koma Naira 15,000 daga Janairun 2023, a sa ta cikin lissafi.

Makon farko

Kafin ka zaɓi ƙira, ka zaga Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tambayi farashin inji, giya, shokozoba da fitilar gaba na motar da kake so. Motar da sai an aika Ladipo a Legas ko an yi odar kayanta daga waje, araharta ba ta da amfani. Sannan kada ka zuba duk abin da ka tara a farashin saye. Ka rage wani kaso mai kauri, domin a makon farko za ka juye baƙin mai da matatarsa, ka canza man giya da irin wanda kamfani ya rubuta, ka wanke lagireto ka zuba ruwan da ya dace, ka mayar da tamostat idan an cire, ka duba fulogi da bel. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk bayan kamar shekara biyu, abin da kusan ba wanda ke yi a nan. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun dashbod, kana rubuta kwanan wata da mita duk sanda aka taɓa wani abu. Ranar da za ka sayar, wannan littafin zai ƙara mata daraja.

Taya kuwa zancen rai ne. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa tana iya zama da zane mai zurfi amma robarta ta bushe, kuma a zafin watan Afrilu a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja ita ce ke fashewa. Motocin Turai da Kanada kan zo da tayoyin ƙanƙara, masu laushin roba, waɗanda ba a yi su don kwaltarmu ba.

Saura jakar iska. Wasu motocin da suka yi hatsari ana liƙe murfin sitiyarinsu ne babu komai a ciki. Waɗanda nasu ke nan kuma akwai batun Takata, kamfanin Japan da ya durƙushe a 2017 bayan an gano sinadarin da ke hura jakarsa yana lalacewa a zafi da danshi, ya fashe ya watsa wa direba ɓaraguzan ƙarfe. An yi kiranyen jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai domin a canza su, kuma Accord da Civic da Corolla na shekarun 2000, waɗanda suka cika titunanmu, suna cikin jerin. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, tana da shafin da ake shigar da lambar casis a ga ko motar tana da kiranyen da ba a gyara ba, kuma kyauta ne. Mai karatu, ko wadda ke ajiye a ƙofar gidanka yanzu, idan daga Amurka ta zo, ka kwafi lambar casis ɗin nan mai haruffa da lambobi 17 ka duba.